Ban Haƙurin da Na Kai Har New York

Tun da na dawo ban huta ba. Duk wanda ya leƙo shago, maimakon ya tambayi ɗinkinsa, sai ya ja benci ya zauna ya ce, "Malam Tasi'u, yaya Amurka?" Wasu so suke in ce da sabulu ake wanke titi, wasu so suke in ce kowa da bindigarsa a aljihu. Bakina ya gaji da maimaici, keke kuma ba ya taka kansa. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta, wanda bai iya ba a karanta masa. Amma tun yanzu nake faɗa muku, duk mai jiran in warware masa Amurka ya nemi wani. Ni da na je na dawo, kaina ya fi ɗaurewa a kan lokacin da na tafi.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, aike ne.

Autanmu Nasiru injiniya ne. Ya daɗe a can yana aiki a wani kamfani da ke haɗa laimar sauka, irin wadda kumbon 'yan sama jannati yake buɗewa idan ya dawo daga sararin samaniya, don ya sauko ƙasa a hankali. Mu a gida ba mu taɓa gane aikin sosai ba. Inna dai cewa take ɗanta yana aikin jirgin zuwa wata, mu kuma ba mu gyara mata. Sai ga wani ɗan unguwarmu ya je can ya dawo, ya shigo gaishe da Inna, garin surutu ya ce ai Nasiru ne ya ɗauke shi a tasi. Ba rage masa hanya ya yi ba, haya yake yi.

Inna ta sa aka kira mata shi. Ya ce, "Ɗan saɓani muka samu da manya, Inna, ba komai." Daga nan bai ƙara ba. Matarsa Rabi ce, wadda take aikin jinya a wani asibiti, ta ɗan buɗe mana. An ba shi wata takarda ya sa hannu ya ƙi, ya ɗaga murya a taro, aka ce ya je gida ya huta. Hutun nan wata na huɗu ke nan.

Inna ba ta kama sunana, ni ne na fari. Ta ce, "Kai, tun yana yaro taurin kai gare shi. Ubanku ya rasu, kai ne uba. Ka je ka ba mutanen nan haƙuri su mayar da shi bakin aikinsa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

Ni ma abin da na gani ke nan. Shekara talatin ina ɗinki a Fagge, na raka yara nawa ban haƙuri wajen iyayen gidansu? Ka je da goro, ka tsugunna, ka ce yaro ne, a yi haƙuri. Oga ya yi faɗa, ya huce, ya ce gobe ya dawo. Ban ga abin da zai sa ta Amurka ta bambanta ba, ai su ma mutane ne. Da ma ina da bizar da na samu tun lokacin sunan 'yarsu, ban samu zuwa ba, ta kusa ƙarewa. Na zauna na ɗinka wa ogan Nasiru kaftani na shadda, na yi masa aikin wuya da hannuna, na haɗa da hula. Awo kuwa ƙiyasi na yi. Na ce babban mutum a Amurka ba zai rasa tsawo da tumbi ba, na sake masa sosai.

Jirginmu ya yada zango a wata ƙasar Larabawa, muka yi rabin yini a kan kujerun ƙarfe, sannan muka hau wani. A nan ruɗanina ya fara. Rana ta ƙi faɗuwa. Na yi Azahar a zaune, na yi La'asar, na duba agogona ya ce Isha ta wuce, na ɗaga labulen taga na ga rana tsaka kamar ana shanya. Na tambayi wani Balarabe da ke gefena wace salla muke ciki, ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da barcinsa. Na ce Allah ka ga niyyata.

A filin jirgin New York wani jami'i ya karɓi fasfona ya tambaye ni, kasuwanci ya kawo ni ko shaƙatawa? Turancina na firamare ne, amma na gane tambayar, amsar ce babu. Ban haƙuri ba kasuwanci ba ne, kuma wallahi ba shaƙatawa ba ce. Na ce ɗan'uwana na zo gani, ya buga hatimi. Ina murna na tsallake, sai ga wani ɗan ƙaramin kare sanye da rigar aiki, ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. A garinmu kare gadi yake yi, a can ma'aikacin gwamnati ne, har da mai riƙe masa igiya. Kilishin da Inna ta ba ni ya jiyo. Suka kwashe shi kaf, suka jefa a wani kwando ina kallo. Daddawa kuwa da jami'in ya kwance bakin ledar, baya ya ja, ya ɗaure da sauri ya yi mini nuni in wuce.

Nasiru yana jirana a waje. Ya rame, furfura ta fito masa a gefen kunne, shi da na goya. Muka rungume juna, na ji idona ya kawo ruwa. A cikin tasin ya ɗauke ni. Muna tafe na ga allo an rubuta Jamaika, na ce masa ba dai wata ƙasar muka shigo ba? Ya yi dariya ya ce unguwa ce. Dariyar da na ji daga bakinsa ke nan har kwana uku. Da na ɗan taɓo maganar aiki, sai ya hau nuna mini gadoji.

Gidansu a Bronx yake, wata unguwa da ake kira Concourse Village, hawa na sha huɗu. Mutum ɗari da wani abu a gini ɗaya, ba mai gaida wani. Ni kuwa na shiga lif na gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, wata tsohuwa ta mayar da jakarta ɗaya kafaɗar. Kashegari da safe, Nasiru ya fita, Rabi tana wanka, na ce bari in ɗan turara falo da turaren wutan da na kawo mata. Ban gama ɗora garwashi ba wani abu a rufin ɗaki ya ɗauki kururuwa kamar ana yanka shi. Na rasa inda zan nufa. Na buɗe ƙofa da kasko a hannu, na yi karo da wani dattijo mai jiki, da carbi a wuya.

"Ei, masa, kashe wuta ɗin! Buɗe window!" in ji shi.

Wannan shi ne Alhaji Mumuni, maƙwabcinsu, mutumin zangon Kumasi a Ghana, shekararsa ashirin da wani abu yana jan tasi a birnin. Ya hau kujera ya danna abin ya yi shiru. Ya ce na'urar hayaƙi ce. "Nawa tun tuni na cire battery. Kullum madam ya soya kifi sai ya yi kuka, wa zai iya?" Hausarsu haka take, matarsa ma "shi" ce, kowane namiji kuma "masa" ne, wato maigida. Da Nasiru ya dawo ya ji labarin, bai yi dariyar turarena ba. Batir ya ɗauka ya je ya buga wa Alhaji ƙofa, ya hau kujera ya mayar masa da kansa. Na ce a raina, to ga halin nan da Inna take faɗa.

Ranar nan matar Alhaji ta aiko mini da abin da suke kira wache. Shinkafa da wake ce, amma an ɗora mata taliya, an barbaɗa garin rogo, ga dafaffen ƙwai, ga wani baƙin yaji mai warin kifi. Na tambayi Rabi ko kwano uku ne suka kife a hanya aka haɗa. Na ci ina mita, na kuma cinye tas.

Kwana na huɗu na tsare Nasiru bayan karin kumallo. Na ce ya gaya mini abin da ya haɗa shi da manyansa.

"Yaya, ba rigima ba ce. Takarda ce ban yarda da abin da ke cikinta ba."

"To ka sa hannu mana, in ya so Allah ya tsare. Kai kaɗai ne injiniya a wurin?"

"It's not like that, Yaya," in ji shi, ya ɗauki makullin mota ya fita.

Rabi tana tsaye a bakin kicin da kayan asibiti a jikinta. Aiki biyu take haɗawa tun da abin ya faru, idanunta sun faɗa. Ta rubuta mini adireshin kamfanin a wata 'yar takarda ta ce, "Yaya, ni dai na gaji. Amma don Allah kada ka ce ni na ba ka."

Na kai wa Alhaji Mumuni maganar. Ya dube ni ya ce, "Masa, nan ba a begging o. Nan lawyer ake ɗauka." Na ce masa lauya ai raba zumunci yake, ni gyara na zo yi. Ya girgiza kai, amma ya yarda zai kai ni ya kuma yi mini tafinta. Ina zargin son kallo ne ya fi yawa a cikin taimakon. Muka tsaya a shagon wani ɗan ƙasarsu na sayi goro fari manya, muka kama hanya, tafiyar sama da sa'a guda zuwa bayan gari.

Na zaci zan ga rokoki a tsaye suna hayaƙi. Wani shimfiɗaɗɗen gini muka tarar kamar sito, ga motoci a jere, ga wasu dinyoyi suna kiwo a ciyawa. Mai gadi a bayan tebur ya tambaya ko an ba mu lokaci. Alhaji ya ce maganar iyali ce, ya ambaci sunan Nasiru. Fuskar mutumin ta canza, ya ɗauki waya. Muka zauna kusan minti arba'in. Can sai ga wata 'yar gajeriyar mata mai furfura, da wandon jins da kambas, ta nufo mu. Na ce wa Alhaji ya gaya mata mun gode, amma oga muke son gani. Ya gaya mata. Ta ce ita ce.

Na dubi ledar kaftanin da ke hannuna. Amma bakin alƙalami ya bushe, na riga na zo. Na cire takalmi, na tsugunna a gabanta kamar yadda aka saba, na dafa ƙirji. Matar nan ta firgita. Ta durƙusa ita ma ta kama kafaɗata, tana kiran mai gadi ya kawo ruwa, tana tambaya ko zuciyata ce. Sai ga mu duka biyu a ƙasa, kowa yana lallashin wani, Alhaji a tsaye yana ta "No, no, madam, culture, culture." Da ta gane, fuskarta ta yi ja har kunne. Ta ce don Allah in tashi.

Ta kai mu ɗakin cin abincin ma'aikata. Na yi gaisuwa yadda ta kamata, na tambayi iyali, na isar da gaisuwar Inna, na ce Nasiru yaro ne, maraya ne, a hannuna ya tashi, duk abin da ya yi ƙuruciya ce, mun zo a yafe masa. Na yi magana ta kai minti biyar. Alhaji ya juya ya ce mata, "He says sorry." Na harare shi, ya ce shi ke nan ai ma'anar.

Madam, don ban riƙe sunanta ba, ta ce Nasiru bai yi mata laifin da za a ba ta haƙuri ba. Ta ce a duk injiniyoyin da ta yi aiki da su ba ta ga wanda ya fi shi ba. A nan na fara rasa gane inda aka dosa. Idan ba laifi, me ya kai shi jan tasi? Na miƙa mata goro, ta gatsa ɗaya, fuskarta ta yamutse, ta haɗiye don kara. Na miƙa kaftanin ina jin kunya. Ta ce dokar wurinsu ta hana karɓar kyauta, amma ta warware shi a kan tebur. Abin da ta yi ya ba ni mamaki. Ba ta tsaya kallon aikin wuya ba, juya rigar ta yi ta bi kalmasa da ɗan yatsa. Wanda ya san ɗinki ne kaɗai yake fara duba ciki.

Ta tambaya wa ya ɗinka. Da ta ji ni ne, ta ce in jira. Ta dawo da wani yankin ɗamara mai faɗin tafin hannu, an ninka bakinsa an ɗinke. Ta ce irinta ce take riƙe laimar a jikin kumbo, kuma a kan wannan ɗinkin ne suka saɓa da Nasiru. Ta ce in duba.

Jama'a, ban taɓa ganin ɗinki irin wannan ba. Layi a miƙe, taku daidai da daidai, babu inda allura ta tsallake, babu inda zare ya yi sako-sako. Na ja, na murɗa, na sa farce, na ɗaga a haske. Son sana'a ya ɗebe ni na manta abin da ya kawo ni. Na ce, "Wannan ko raƙumi aka rataya ba zai tsinke ba." Wannan karon Alhaji bai rage ko kalma ɗaya ba, har raƙumin ya fassara. Madam ta yi murmushi ta ce in gaya wa ƙanena haka.

Ta yi mana bayani a natse. An gwada ɗamarar sau da yawa tana riƙewa, sau ɗaya ta yage, kuma binciken da aka yi ya nuna injin gwajin ne ya cije ta ba daidai ba. Laima uku ce a jikin kumbon, biyu ma sun isa. Mutum huɗu ne za su hau, ta san su, ta ci abinci da su, ta san sunayen 'ya'yansu. An riga an sa ranar tashi, kuma ba ita ta sa ba, na sama da ita ne. Ta ce in za ta jira sai kowane injiniya ya daina shakka, babu abin da zai taɓa barin ƙasa. Teburin Nasiru yana nan ba a taɓa ba. Ya zo ran Litinin ya sa hannu ya koma aikinsa. In bai zo ba, dole ta ba wani.

Na fito ina jin kamar an sauke mini dutse. Tun a mota na kira Inna na ce mata an gama, ran Litinin zai koma. Na ji tana guɗa a waya.

Kashegari na ce wa Nasiru ya fita da ni in ga gari. Muna tafe na ba shi labari, ina jiran godiya. Ya gangara gefen wani kogi ya kashe mota.

"Ka tsugunna? A gabanta?"

Na ce don shi na yi, kuma ban ga abin kunya ba. Na ce matar nan mutuniyar kirki ce. Ya ce ya sani. Raina ya ɓaci, na ce to me ya rage? Na ce ni tela ne tun yana rarrafe, na duba ɗinkin da idona, na gaya mata ko raƙumi ba zai tsinka shi ba.

Ya juyo ya dube ni. Gara ya zage ni da wannan kallon. Sai a lokacin na gane cewa na tashi tun daga Kano na je na yi shaida a kan ƙanena.

Ya jawo bel ɗin kujerata ya nuna mini ɗinkin da ke gindinsa. Ya ce wadda aka nuna mini sabuwa ce, shi ma bai taɓa cewa sabuwa za ta tsinke ba. Amma laimar nan ninke ta ake yi, a danne ta da inji a cusa a wani gwangwani, ta yi watanni a can sama, yau sanyin da ba a misaltawa, gobe zafi. Wadda ta yage a gwaji, ita kaɗai ce aka fara gasawa aka daskarar kafin a ja ta. Sun ce injin ne. Mai yiwuwa injin ne. Shi abin da ya roƙa a sake gwajin, sake gwajin kuma zai ture ranar tashi da watanni.

"Ban ce zai tsinke ba, Yaya. Cewa na yi ban sani ba. Takardar kuma cewa take na sani."

Na ce ai laima uku ce, biyu sun isa, haka Madam ta ce.

"Keke ɗaya ya ɗinka su. Zare ɗaya."

Wannan ta shige ni, don na taɓa sayen kwandon zaren da ya kwana biyu a sito, na yi ankon biki gaba ɗaya da shi, duk suka warware a rana ɗaya. Amma ban sallama ba. Na ce masa ni na fi shi sanin halin da matar nan take ciki. Ranar Salla ba ta matsawa don tela bai gama ba. Sau nawa nake ba da riga a jajibere ina sane akwai inda ban koma na bi ba? Ka ce bismilla ka miƙa, kuma galibi lafiya lau ake sawa har ta tsufa. Duniya haka take tafiya, in kowa zai tsaya sai ya tabbatar, da tsirara za a je Idi.

Ya ce, "Haka ne. Amma wanda rigarsa ta yage a Idi yana dawowa ya zage ka, Yaya. Waɗannan ba za su dawo ba."

Na kawo masa maganar Rabi, ya ce ya fi ni ganin idanunta. Na kawo masa maganar Inna, ya kifa kai a kan sitiyari. Muka zauna a motar nan muna kallon ruwa. Ni da na zo raba gardama, na saurari matar na ga gaskiyarta, na saurari ƙanena na ga gaskiyarsa, kuma ba su haɗuwa. Har yau da nake rubutun nan ban san wanda zan ba laifi ba, abin kuma yana cina.

Litinin ta zo. Na tashi na goge masa farar riga na rataye a ƙofar ɗakinsa. Ya fito ya dube ta, ya ɗauki makullin tasi ya fita. Rabi ta cire rigar ta mayar cikin kwaba, ta ɗauki jakarta ta tafi asibiti. Bayan kwana biyu wani abokin aikinsa ya kira shi ya ce an ba wani ya sa hannu. Nasiru ya riga ya rubuta wa hukumar da ke sa ido a kan irin waɗannan ayyuka, sun amsa masa da layi biyu cewa takardarsa ta iso.

Alhaji Mumuni ya ga na yi sanyi, ya ɗauke ni muka hau wani jirgin ruwa da ba a biyan ko sisi, muka tsallaka wata unguwa Tompkinsville, inda ya ce akwai mai tuwon da ya fi na Kano. Ƙarya yake, amma na ci. A hanya ya nuna mini koren gunkin matar nan mai riƙe da fitila, na ce na gani. Kaftanin shi na ba, ya zauna masa cif kamar an auna, tumbin da na ƙiyasta ashe nasa ne.

Ranar da zan taho Nasiru ya kai ni filin jirgi. A bakin ƙofa na tambaye shi abin da zan gaya wa Inna, ni da na sa ta guɗa. Ya ce in gaya mata gaskiya. Na ce to addu'a fa? Don ni na rasa abin da zan roƙa. In kumbon nan ya je ya sauko lafiya, shi ke nan, Nasiru ya zama wanda ya zubar da aikinsa a banza, ba kamfanin da zai sake kallonsa. In kuwa gaskiyarsa ta fito, to gawa huɗu ce za ta fito da ita.

Ya ce, "Ku roƙi Allah ya ƙaryata ni, Yaya. Ni ma abin da nake roƙo ke nan."

Na dawo na zauna a gaban Inna na zayyana mata komai, tun daga laimar har zaren. Na zaci za ta yi faɗa, ko ta ce ban iya ban haƙuri ba. Ta daɗe tana jan carbi. Tambaya ɗaya ta yi mini, su mutum huɗun nan sun san Nasiru bai sa hannu ba? Na ce wallahi ban sani ba, ban tambaya ba.

Kumbon bai tashi ba tukuna, an ce sai bayan Babbar Salla. Nasiru yana nan yana jan tasi. Kullum in na dawo daga masallaci da safe na leƙa gaishe da Inna, a kan darduma nake samunta, hannu a sama, tana cewa, "Ya Allah ka sauko da bayin nan naka lafiya. Ya Allah ka ba ɗana kunya." Ban taɓa jin uwa ta yi wa ɗanta irin wannan addu'a ba. Nakan tsaya a bakin ƙofa in ce amin.